Wanzamin Da Ya Ce Bai Tuna Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka ka sauka Magarya lafiya, kai da akwatinka. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aiki, ya raba ka da sharrin mai sharri.

Ka ga na rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a sama. Shekara ashirin da uku bakina bai kira shi ba, don kai ne ɗan fari, kullum sai dai "kai wannan" ko "ina yaron nan". Alƙalami ba shi da kunya, shi ya sa na ɗauke shi. Abin da ke cikin nan ko ɗaure ni aka yi ba zan iya faɗa maka ido da ido ba, don haka na ba innarka ta cusa maka a ƙarƙashin riguna. In rubutun ya ba ka wahala ka yi haƙuri. A soja na koye shi, ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ba kuma malamin da ya taɓa gyara mini hannu.

Zan fara da abin da ke cike da cikina. Ina alfahari da kai. Ranar da takardar ɗaukarka aiki ta zo kasuwar Dungas ke ci, kuma duk wanda ya miƙo mini kai a ranar sai da ya ji cewa ɗan Sanda Wanzam zai zauna a biro, wato ofishin gwamnati, gaban tebur, shi zai riƙa rubuta wa mutane takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa. Har wani ya ce in gama askin tukuna kada in tafi da kunnensa. Masu tsiya suna cewa ka yar da sana'ar gidanku. Ba su san komai ba. Kafin takarda ta zo ƙasar nan, mu ne littafin haihuwa. Duk ɗan da aka haifa a gari, ranar bakwai sai ya bi ta ƙarƙashin askarmu. In aka yi gardama wa ya girmi wa, ko wane a nan aka haife shi ko zuwa ya yi, wanzami ake kira. Aikin kakanka ka gada, kayan aikin ne kawai suka sake. Shi ya sa nake so ka san wuraren da ni na goce, kada ka taka inda na taka.

Radiyo ce ta tayar mini da wannan magana. Kwanakin baya, bayan la'asar, muna zaune gindin tsamiyar masallaci, mai labarai ya ambaci ƙasar Bama. Kowa ya waiwayo ya dube ni, don ka san a garin nan in an ce Bama ni ake nufi. Ya ce soja suna bi gari gari a yankin Arakan suna tambayar Musulmin wurin takarda. Wanda ba shi da ita, wani ma yana da ita, sai a ce masa baƙo ne, shigowa ya yi, ya koma inda ya fito. An kama wasu, an ci mutuncin mata, dubban mutane sun bar gidajensu da gonakinsu sun ƙetare kogi zuwa Bangaladash. Can ma aka ce musu ku ba namu ba ne, aka tara su a sansani, yunwa da ciwo suna ɗibar ƙanana. Ya ce sunan mutanen Rohinja. Mu a zamaninmu ba mu san wannan suna ba, amma mutanen kam na san su.

Ka tashi kana jin ana ce mini Na-Bama, yara suna zaton ni kaɗai na kori Japan. To yau ka ji gaskiya, ban taɓa ɗana bindiga a kan ɗan Adam ba. Aikin tilas na Faransa na guje wa ina saurayi, na faɗa Kano, aka rubuta ni sojan Ingila, aka zuba mu a jirgin ruwa. Can kaya nake ɗauka a ka, in an yada zango in fito da askar da na zare daga zabirar kakanka in yi wa mutane aski. Iyakar jarumtar ubanka ke nan.

Wata rana muka sauka kusa da wani ƙauye a bakin kogi. Gidajensu na gora ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa, maza suna ɗaure da zane, mu kuwa muna ta dariya da wautarmu. Ina cikin aski sai ga wani tsoho da gemu ja jawur da lalle, ya tsaya ya yi mini sallama irin tamu sak. Ya nuna aska, ya kwatanta jariri da hannuwansa, ya ɗaga yatsu bakwai. Ban ji yarensa ba, amma wane ɗan wanzami ne ba zai gane wannan ba? Yaƙi ya kori wanzaminsu, ga jikansa ya kwana bakwai. Saje ya ba ni izini na bi shi. Muka wuce masallacinsu, a bayansa ga maƙabarta da tsofaffin kushewu, wasu har itatuwa manya sun fito a kansu. Na jiƙa kan yaron na aske shi tas. Limaminsu ya yi Fatiha, ita ce dai Fatiharmu. Aka raɗa suna ina tsaye a wurin.

Ga kuskurena na fari. Na ji sunan da kunnena, ban riƙe ba. Ban tambayi sunan uban ba, ban tambayi sunan garin ba. Hankalina yana kan shinkafa da kifin da aka ajiye mini, don mun daɗe ba mu ci abin kirki ba. Na ci, na goge askata, na tafi. Kakanka bai taɓa tashi daga gidan suna bai maimaita sunan jariri da na ubansa sau uku ba, ni ma haka ya koya mini. Amma na ga waɗannan ba mutanena ba ne, ba zan sake ganinsu ba, me zan yi da sunansu? Yanzu yaron nan, in yana raye, magidanci ne. Wataƙila yana cikin waɗanda aka ce wa jiya suka shigo. Ni ne mutumin da ya aske shi a ɗakin kakansa, na ga kushewun kakanninsa da idona, amma ko an kai ni gaban mahukuntan Bama ba ni da sunan da zan kira. Shaidata ta zama banza. Wannan abu ya ci mini rai ƙwarai.

Don haka, duk wanda ya tsaya gaban teburinka, ka ɗaga kai ka dube shi. Ka tambayi sunansa da na ubansa da na garinsu, ka rubuta yadda ya faɗa, ka karanta masa ya ji. Ko yana warin awaki, ko ba ya jin Hausa, kada ka ce wannan ba zan sake ganinsa ba. Ba ka san ranar da layi ɗaya da ka rubuta zai zama shi kaɗai ne abin da ya rage masa ba.

Kuskure na biyu girman kai ne ya jawo shi. Ka san ina taƙama da idona. In na ga fuska, daga tsagar da ke kanta zan faɗa maka gidan da mutum ya fito, wani lokaci har wanzamin da ya yi masa. Shekarar fari da yunwa, da babbar mota ta kawo hatsin taimako, aka ce mutanen tsallaken iyaka suna shigowa layi. Sai aka tsayar da ni a bakin layin in riƙa duba fuska. Na ji daɗin wannan girma, har da gyara hula. Wata tsohuwa ta iso da ƙwaryarta, na ce wannan askar wajen Gumel ce, a fitar da ita. Aka fitar da ita. Daga baya na ji aure ya kawo ta wani ƙauye kusa da mu tun tana yarinya, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne mijinta. Idona bai yi ƙarya ba, askar Gumel ce. Amma tsaga tana nuna inda aka aske mutum ne, ba ta nuna inda ya zuba guminsa. Kuma ko daga tsallaken ta zo a ranar, yunwa ce ta kawo ta.

Kai ba fuska za a ba ka ka karanta ba, takarda ce, kuma za ka ƙware a kanta kamar yadda na ƙware a tsaga. Ka yi hattara da ranar da za a ce maka, kai da ka iya, zo ka ware mana nasu daga namu. Da daɗin baki ake kiran mutum wannan aiki. Kada ka ɗauka sai a Bama ake yin irinsa. Kana lakwal lokacin da motoci suka riƙa sauke mutanenmu da aka koro daga Gana, wasunsu can aka haife su, ko sunan ƙauyen kakansu ba su sani ba. Mu ma nan mun taɓa sallamar 'yan Dahome da kayansu a ka, muna kallo. Ko'ina aka yi, sai an sami mai tsayawa a bakin layi yana nuna mutane da yatsa. Ni na taɓa zama shi, kada ka zama.

Na uku shi ne babba, shi ne dalilin takardar nan, kuma ya shafe ka.

Ka san Mantau, wanda gidansu yake gabas da rijiya. Ubansa daga arewa ya zo da tumaki tun ina ƙarami, tsohon maigari ya yanka masa gona, ya zauna yana noma yana kiwo. Shekarar da na dawo daga Bama hannun kakanka ya fara rawa, ya miƙa mini zabira. Jaririn farko da na aske a garin nan da sunan ni ne wanzamin gari, Mantau ne. Idon jama'a ya yi mini yawa, hannuna ya goce, na yanke shi a bayan kunne. Kakanka ya zage ni a gaban mata. Tabon yana nan har yau.

Da fari ya cinye masa dabbobi, Mantau ya kwashi iyalinsa ya tafi Kano neman abin da za su ci. Kawunka Hamza, yayan innarka, ya shiga gonar ya shuka. Da Mantau ya dawo ya nemi gonarsa, maganar ta je gaban maigari na yanzu, wanda a wajen kakanninsa ya tashi, bai san farkon zancen ba. Hamza ya ce aro aka ba baƙo, baƙo ya tashi, gona ta koma ta gari. Ya ce Mantau ma ba a nan aka haife shi ba, a goye aka zo da shi. Dattawa suka ce in haifaffen gari ne gado ya ci, ba mai taɓa masa. Sai aka aika a kira wanzami.

A lokacin rumbunmu ƙwaya ba ta rage ba. Hatsin Hamza muke ci, da shi aka yi maka guzurin komawa lakwal a Damagaram. Ba na faɗi wannan don in wanke kaina ba, na faɗa don ka san da me aka saye ni, ba tare da kowa ya yi ciniki ba.

Maigari ya ce, "Sanda, kai ne wanzamin garin nan. Mantau a nan aka haife shi, ko zuwa aka yi da shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kawuna sun yi yawa. Ban tuna ba."

Mantau bai ɗaga murya ba. Ya cire hularsa, ya juya mini ƙeya, ya sa yatsa a bayan kunnensa ya ce, "Baba Sanda, wannan ma ba ka tuna ba?"

Na dubi ƙasa. Aka ba Hamza gona.

Shekara huɗu ke nan. Mantau yana Mallawa yana shayar da dabbobin mutane a bakin rijiyar kasuwa. Ba shi da takarda ko ɗaya, don mai neman takardar haihuwa sai ya kawo shaidu, ga shi wanzamin garinsu ya ce bai san shi ba. In ya hau mota jandarma su sauke shi. In ya tsallaka Najeriya a ce masa ɗan Faransa, in ya dawo mu ce masa baƙo. Duk shekarun nan ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba, cewa na yi ban tuna ba. Ranar da na ji labarin Arakan na zauna ina tsine wa sojan Bama a gindin tsamiya, jama'a suna taya ni. Ina cikin tsinuwar sai Mantau ya faɗo mini a rai. Na ga ina kuka don ba ni da sunan wancan yaro, alhali ga wanda na san sunansa, da na ubansa, da ɗakin da aka haife shi, kuma ni na kore shi, ba da bindiga ba.

Ka riƙe wannan da kyau. "Ban tuna ba" da "ban gani ba" da "ba aikina ba ne" sun fi ƙarya tsagwaronta ɓarna, don mai faɗinsu yana tafiya gida yana ganin hannunsa fes. A biro za ka same su iri-iri, har da "ka dawo gobe". In ka san abu, ka faɗa a ranar da aka tambaye ka. In kuma wani ya ciyar da kai, ka gode masa, ka rama masa da ƙarfinka da duk abin da ka mallaka, amma ban da shaidarka, don ba taka ba ce balle ka bayar.

Ranar kasuwar Mallawa da ta wuce na je na same shi. Na yi zaton zai zage ni, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Sai ya ajiye guga ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba tun yana yaro. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Da na gama sai ya ce, "Baba, gona in Allah ya yi za ta dawo. Ni dai ina so in an tambayi 'ya'yana su 'yan ina ne, su sami abin faɗi."

Na bincika, an ce mini shaidu biyu ake nema. Ni ɗaya ne. Tsofaffin da suka ci sunan Mantau yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka rage na bi su gida gida, kowa ya ba ni irin amsar da na ba maigari, kuma ba ni da bakin da zan zarge su. Na dawo gida ban sami ko mutum ɗaya ba. Innarka tana tankaɗe a tsakar gida, ta tambaye ni abin da ya same ni. Na ji nauyin faɗa mata, don ɗan'uwanta ne ciki ɗaya, amma na faɗa mata duka.

Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Ranar sunan Mantau ina cikin 'yan matan da suka yi daka. Ni aka ba ƙwaryar ruwan da ka jiƙa masa kai. Ina tsaye hannunka ya goce."

Na ce, "To Hamza fa?"

Ta ce, "Hamza yayana ne, gobe ma yayana ne. Shekara huɗu ina jira ka tambaye ni. Ka nemo mana mota."

Na zauna da matar nan shekara ashirin da biyar ina ganin ni ne na ga duniya, na ƙetare teku, ita ko Damagaram ba ta taɓa zuwa ba. Ranar na san a wajen wa ka ɗauko abin da nake taƙama da shi a jikinka. Ina alfahari da ita fiye da yadda zan iya faɗa mata, kai ma kada ka faɗa mata, za ta yi mini dariya.

Saboda haka ga abin da ke gabanka. Kafin ruwan shuka ya sauka za mu zo Magarya, ni da innarka da Mantau. In ka gan mu a bakin biro kada ka ɓuya, kada kuma ka tsallakar da mu layi, za mu jira kamar kowa. In doka ta hana ka karɓar shaidar iyayenka, ka miƙa mu ga abokin aikinka, amma ka tsaya ka ji. Zan faɗi abin da na sani, zan kuma faɗi cewa a baya na ce ban tuna ba kuma ƙarya nake. Ina so a rubuta wannan ma, kada a gyara mini shi don ni ubanka ne. Daga nan mu koma gaban maigari in sake faɗa a inda na ɓata.

Kawunka zai ji labari kafin mu iso, kuma wajenka zai fara zuwa, ko ya aiko. Zai tuna maka hatsinsa, kuma gaskiya ne, ka ci, na ci. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka shimfiɗa masa tabarma, ka ba shi ruwa, kada ka mayar masa da baƙar magana ko ya zage ka. Ka ce masa duk ranar da rumbunsa ya yi ƙasa, naka nasa ne. Amma takardar Mantau kada ta kwana a aljihun tebur saboda shi. Mai yiwuwa ya yanke gaisuwa da mu shekara da shekaru. Innarka ta san haka, ta ce ta ɗauka. In ita ta ɗauka, ni da kai ba mu da ta cewa.

Sauran nasiha ka ji ta tun kana ƙarami, ba sai na cika takarda ba. Ka tsare salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka gaida masu shara kafin ka gaida sufurefe mai mulkin gundumar. Kuma don Allah ka nemi wanzamin kirki a Magarya, kada ka tara mini suma irin ta 'yan birni, mutane su ce ɗan wanzami ne.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare hannunka daga rubuta zalunci, ya tsare ka daga tsoron mutum. Allah ya mayar da mutanen Arakan gidajensu lafiya, da duk wanda aka ce masa baƙo a ƙasar da aka binne cibiyarsa. Allah ya yafe mini, ya ba ni ran da zan iso gabanka in faɗi gaskiya da bakina. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Mantau ma ya ce in gaishe ka, ya ce ya ji daɗi da ɗan garinsu ya sami aiki.

Ka huta lafiya, Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ubanka,
Sanda Wanzam